Kwana 21 don Hayar Shekara 99: Sharhi a kan Binciken da Majalisar Ingila ta yi wa Yarjejeniyar Chagos

1. Gabatarwa

Wannan maƙala sharhi ce a kan yadda majalisar dokokin Ingila ta duba yarjejeniyar da gwamnatin ƙasar ta sa wa hannu tare da gwamnatin tsibirin Moris ranar 22 ga Mayu 2025, game da tsibiran Chagos da sansanin sojan da ke Diego Garcia. Ba za mu daɗe a kan tambayar wa ke da gaskiya a rikicin mallakar ba, domin Kotun Duniya ta riga ta faɗi ra'ayinta, mu ma kuwa can muka karkata. Abin da muke so mu auna shi ne binciken kansa, wato wane iko majalisar take da shi, me ta zuba wa ido, me kuma ta tsallake. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafa wa hujja shi ne cewa an kira majalisar ta shaida rufe wani al'amari wanda ba a nemi izininta wajen buɗe shi ba, sa'an nan kayan aikin da doka ta ba ta ba su kai ga tambayar da ta fi nauyi ba, wato makomar mutanen da aka kwashe daga tsibiran.

2. Yadda aka yanke tsibiran ba da sanin majalisa ba

Chagos tarin ƙananan tsibirai ne a tsakiyar tekun Indiya, fiye da kilomita 2,000 arewa maso gabas da Moris. Faransawa ne suka fara kafa gonakin kwakwa a can a ƙarshen ƙarni na 18 da guminsa bayin da suka kawo daga Madagaska da Mozambik. Yarjejeniyar Paris ta 1814 ta miƙa Moris da tsibiran da ke ƙarƙashinta ga Ingila, aka ci gaba da mulkin Chagos daga Port-Louis har shekara 150.

A watan Satumba 1965, ana tsakiyar taron share fagen ƴancin Moris a Landan, gwamnatin Harold Wilson ta samu amincewar Seewoosagur Ramgoolam da wasu ministocinsa a kan raba Chagos da Moris, a bakin fam miliyan 3 da wasu alkawura. Ranar 8 ga Nuwamba 1965 aka ƙirƙiro sabon yankin mallaka na Ingila a tekun Indiya. Abin lura shi ne hanyar da aka bi. Ba a kai ƙuduri gaban ƴan majalisa ba. An yi amfani da abin da za mu kira a nan "dokar fada", wato umarnin da ministoci ke rubutawa, Sarauniya ta amince da shi a zaman majalisar fadarta, ya zama doka a yankunan mallaka ba tare da ƙuri'ar kowa ba. Tushen wannan iko shi ne hurumin sarauta, ragowar ikon sarakunan dā wanda a yau gwamnati ke riƙe da shi da sunan sarki.

Ranar 30 ga Disamba 1966 Ingila da Amurka suka yi musayar wasiƙu, aka ba Amurka damar amfani da tsibiran don tsaro har shekara 50, da ƙarin 20. An boye wani sashe na cinikin, wato rangwamen dala miliyan 14 da Amurka ta yi wa Ingila a kan kuɗin makamai masu linzami na Polaris; majalisun ƙasashen biyu ba su san da shi ba sai bayan shekaru. Daga 1968 zuwa 1973 aka kwashe mazauna tsibiran kaf, mutum 1,500 zuwa 2,000, aka zube su a Moris da Seshel. Da babbar kotun Landan ta yanke a shekarar 2000 cewa dokar da aka kore su da ita haramtacciya ce, sai gwamnati ta sake komawa ga dokar fada a watan Yuni 2004 ta hana su komawa, alƙalan ƙoli kuma suka goyi bayanta a 2008, uku a kan biyu. A wannan shekara ce kuma ministan harkokin waje David Miliband ya shaida wa majalisa cewa jirage biyu na Amurka ɗauke da fursunoni sun sha mai a Diego Garcia a 2002, bayan an sha tabbatar mata cewa ba a taɓa yin haka ba.

Mun jero waɗannan ne don mai karatu ya ga cewa a duk manyan matakan wannan tarihi, yankewa da haya da kora da hana komawa, babu ɗaya da ya bi ta ƙuri'ar zaɓaɓɓun wakilai. Matsin da ya kai Ingila ga teburin sulhu ma daga waje ya zo. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta nemi a mayar wa Moris Diego Garcia tun taronta na Freetown a 1980. Ranar 25 ga Fabrairu 2019 Kotun Duniya ta ba da fatawa, alƙalai 13 a kan 1, cewa ba a kammala ƴantar da Moris bisa doka ba, domin yardar ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba yarda ce ta mai ɗiyauci ba. Mun zaɓi kalmar fatawa da gangan, tunda ra'ayi ne na masana shari'a wanda ba shi da ƙarfin tilastawa. A watan Mayu na wannan shekara Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙuri'a 116 a kan 6, ya ba Ingila wata shida ta janye. Gwamnatin ƴan mazan jiya ce ta buɗe tattaunawa a Nuwamba 2022, ta Leba ta kammala.

3. Ƙa'idar kwana 21

Yarjejeniyar ta amince cewa Moris ce ke da ikon mallakar tsibiran duka, har da Diego Garcia, amma Ingila za ta ci gaba da gudanar da sansanin shekara 99, da yiwuwar ƙarin 40. Moris na iya tsugunar da mutane a sauran tsibiran, ban da Diego Garcia. An ware fam miliyan 40 a wani asusu don ƴan asalin Chagos. Wannan shi ne abin da aka ajiye gaban majalisa.

To, me doka ta ba ta damar yi da shi? A tsarin Ingila ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje ma yana cikin hurumin sarauta. Tun 1924 akwai al'adar da ake jingina wa Arthur Ponsonby, ƙaramin ministan harkokin waje na lokacin, ta ajiye kowace yarjejeniya gaban majalisa kwana 21 na zama kafin a tabbatar da ita. Dokar gyaran tsarin mulki ta 2010 ta mayar da al'adar doka. Idan kwanakin suka ƙare ba wanda ya ce uffan, gwamnati na da hurumin tabbatarwa. Shiru amincewa ne. Idan Majalisar Wakilai ta ƙi, gwamnati sai ta kawo bayani, a sake ƙirga kwana 21, kuma wakilai na iya maimaita ƙin ba iyaka. Idan Majalisar Dattawa ce kaɗai ta ƙi, wadda mambobinta ba zaɓensu ake yi ba, minista zai rubuta dalilinsa ya wuce.

A takarda wannan iko ne mai kauri. A aikace yana da ramuka uku, kuma duk sun bayyana a nan. Na farko, majalisa ba ta ganin yarjejeniya sai bayan an sa hannu, ba ta iya sauya ko wasali ɗaya. Na biyu, dokar ba ta tilasta wa gwamnati ta ware lokacin muhawara ko ƙuri'a ba, alhali gwamnati ce ke tsara jadawalin Majalisar Wakilai. Ke nan zauren da ke da ikon hanawa ba shi da tabbacin samun ranar da zai hana, zauren da ke samun ranar kuwa ba shi da ikon hanawa. Tun 2010 wakilai ba su taɓa tare wata yarjejeniya ta wannan hanya ba. Dattawa sun gwada a Janairu 2024 a kan yarjejeniyar tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda, suka kaɗa ƙuri'ar a dakata, gwamnati ta tabbatar da abinta a watan Afrilu. Na uku shi ne ƙarancin lokacin: kwana 21 don jin shaidu, karanta rataye-ratayen soja da na kuɗi, da rubuta rahoto a kan alkawarin da zai ɗaure jikokin jikoki.

Haka kuwa aka yi. Ranar 30 ga Yuni 2025 dattawa suka yi muhawara, ƴan hamayya suka kawo ƙudurin kada a tabbatar da yarjejeniyar, aka kayar da shi. Wa'adin ya cika a farkon Yuli ba tare da wakilai sun kaɗa ƙuri'a a kan yarjejeniyar kanta ba. Za a iya ce mana ai sun samu damarsu daga baya, tunda sai da gwamnati ta kawo ƙudurin dokar aiwatarwa, wanda wakilai suka yi wa karatu na biyu a Satumba 2025. Gaskiya ne, kuma al'adar tana da tarihi: da Ingila ta miƙa wa Jamus tsibirin Heligoland a 1890, gwamnatin Salisbury ta nemi doka daga majalisa, tun daga nan ya zama da wuya a saki ƙasa ba tare da ita ba. Sai dai ƙudurin aiwatarwa gyaran dokokin cikin gida ne don su dace da abin da aka riga aka ƙulla. Duk gyaran da ɗan majalisa ya kawo wanda ya taɓa jigon cinikin, amsar minista a shirye take: wannan zai sa a sake buɗe tattaunawa da Moris. Da dattawa suka saka wasu gyare-gyare a farkon 2026, game da kuɗi da jin ra'ayin mutanen Chagos, wakilai sun ture su.

4. Abin da binciken ya zuba wa ido

Aiki mafi nagarta a cikin wannan ɗan lokaci shi ne rahoton kwamitin dattawa mai duba yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, wanda ya fito a ƙarshen Yuni 2025 a ƙarƙashin shugabancin Lord Goldsmith. (Shi ne babban lauyan gwamnatin Tony Blair daga 2001 zuwa 2007, wato har lokacin dokar fada ta 2004. Ba zargi muke yi ba, muna nuna ƙanƙantar da'irar da ake juya wannan magana a cikinta ne.) Kwamitin ya ji masana shari'a da na tsaro, ya bayyana cewa yarjejeniyar sulhu ce mai naƙasu, ya kuma yi gargaɗin cewa in ba a tabbatar da ita ba Moris za ta koma kotuna neman hukunci mai tilastawa, abin da zai jefa sansanin cikin rashin tabbas. Wannan hujja ce mai ƙarfi, mun kuma yarda da ita. Abin da muke ƙorafi a kansa shi ne ma'aunin da aka ɗora komai a kai. Tambayar da ta mamaye rahoton da muhawarar ita ce: shin wannan takarda ta kare sansanin? Masu goyon baya suka ce ta kare, masu suka suka ce ta buɗe wa Sin ƙofa. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan cewa sansanin ne abin awo.

Sai kuɗi, wanda ya cinye mafi yawan hayaniyar. Gwamnati ta ce matsakaicin abin da za a biya fam miliyan 101 ne a shekara, jimlar kuwa fam miliyar 3.4. Ƴan hamayya suka ce jimlar ta haura miliyar 30. Ɗalibin tattalin arziki zai gane cewa lissafi biyu ne na abu guda. Gwamnati ta cire hauhawar farashi, sa'an nan ta rage darajar kowane biyan da ke gaba gwargwadon nisansa, bisa ƙa'idar cewa fam ɗin da za a biya bayan shekara 90 bai kai na yau ba. Ƴan hamayya kuwa tara tsabar kuɗin suka yi shekara bayan shekara. Kowane lissafi yana da inda yake da amfani, kuma aikin majalisa ne ta tilasta a ajiye su kafaɗa da kafaɗa tun ranar farko. A maimakon haka an yi watanni ana jifan juna da lambobi biyu kamar ɗaya ƙarya ce. Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kwatanta miliyan 40 na asusun mutanen Chagos, wanda sau ɗaya za a biya, da miliyan 165 da Moris za ta karɓa kowace shekara a shekaru uku na farko.

Akwai kuma batun da ya shafe mu a matsayin ƴan Afirka. Moris tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta haramta girke makaman nukiliya a nahiyar da tsibiranta. Idan Diego Garcia ƙasar Moris ce, yaya za a yi da jiragen sama da na ƙarƙashin teku na Amurka, wadda al'adarta ita ce ba ta tabbatarwa ba ta kuma musanta abin da suke ɗauke da shi? An ta da tambayar a Landan, amma ta fuskar tsoron kada a ɗaure wa Amurka hannu. Ta fuskar ko ana rage wa yarjejeniyar Afirka daraja kuwa, wannan ba damuwar majalisar Ingila ba ce, kuma ba za mu zarge ta da hakan ba. Majalisa tana bincike ne da idon waɗanda suka zaɓe ta.

A nan ne matsalar mutanen Chagos take. Sun warwatsu tsakanin Moris da Seshel da Ingila, musamman garin Crawley, tun bayan da dokar 2002 ta ba da yawansu takardar zama ƴan ƙasa. Ra'ayinsu ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar Olivier Bancoult, wanda ya kai ƙarar shekarar 2000, ta goyi bayan yarjejeniyar, wasu kuwa sun ƙi ta, har wasu mata daga cikinsu suka samu umarnin kotu da ya jinkirta sa hannun na ƴan sa'o'i ranar 22 ga Mayu. Ba a ba su kujera a tattaunawar ba. Yarjejeniyar ta ba Moris izinin tsugunar da mutane, ba ta ba su haƙƙin komawa ba, kuma Diego Garcia, inda da yawansu aka binne cibiyarsu, a rufe take. A watan Yuni 2025 wasu ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam sun nemi a dakatar da tabbatarwa a sake tattaunawa saboda wannan. Kwamitin dattawa ya nuna takaicinsa a kan ƙarancin tuntuɓar, amma takaici a rahoto ba ya sauya saɗara. Sai a ƙarshen 2025, wata bakwai bayan sa hannu, wani kwamitin dattawa ya tattara ra'ayoyinsu ta intanet. Dole kuma mu faɗi abin da ba shi da daɗi a ɗaya ɓangaren: jam'iyyar da ta fi ɗaga muryar kare su a 2025 ita ce wadda gwamnatinta ta yanke a 2016 cewa ba za a mayar da su ba.

5. Idan aka dubi al'amarin daga tsarin Faransa

Mai karatun da ya taso a kan dokokin da muka gada daga Faransa zai ce nasu tsarin ya fi. Aya ta 53 ta kundin tsarin mulkin 1958 ta ce yarjejeniyar da ta ƙunshi miƙa ƙasa ko kashe kuɗin gwamnati ba ta tabbata sai da dokar majalisa, ta ƙara da cewa miƙa ƙasa ba ta halatta sai da yardar mutanen da abin ya shafa. Majalisar Faransa ta ma nuna ƙarfinta a kan Moris ɗin nan: yarjejeniyar 2010 ta gudanar da ɗan tsibirin Tromelin tare, bayan ta wuce majalisar dattawa a 2012, an janye ta daga jadawalin majalisar wakilai a 2013, aka sake janye ta a 2017 saboda bore na ƴan majalisa.

Amma kada mu yi saurin yabo. Ƙa'idar yardar mutane ita ce Faransa ta riƙe bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 1974 a Komoro, ta ƙirga tsibiri-tsibiri, ta ci gaba da riƙe Mayotte, abin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi tir da shi. Wanda ke neman a yi wa mutanen Chagos ƙuri'ar raba gardama a kan mallaka ya san cewa irin wannan hanya yake buɗewa, domin Kotun Duniya ta ɗauki Moris gaba ɗayanta a matsayin al'ummar da ke da haƙƙin zaɓar makoma. Saboda haka muke ganin inda majalisa ta fi samun hurumin matsawa shi ne haƙƙin komawa da diyya da yadda za a gudanar da asusun, kuma lokacin matsawar shi ne tsakanin Nuwamba 2022 da Mayu 2025, sa'ad da takardar ke buɗe. Dokar 2010 ba ta ba ta kome ba a wannan tazara.

Mu a Nijar mun san cewa aya mai kyau a kundi ba ta isa ba idan aka zo batun sansanin soja. Kundin 2010 ya shar'anta dokar majalisa kafin tabbatar da yarjejeniyar tsaro. Duk da haka, ranar 22 ga Afrilu 2022, da majalisar dokoki ta amince da girke ƙarin sojojin waje da ƙuri'a 131 a kan 31, abin da aka kaɗa wa ƙuri'a gyaran jawabin manufofin gwamnati ne, ba matanin wata yarjejeniya ba. Ranar 16 ga Maris 2024 kuma, da hukumomin soja suka soke yarjejeniyar da ta ba sojojin Amurka damar zama, daga cikin dalilan da suka bayar har da cewa ba a tuntuɓi wakilan jama'a ba lokacin ƙulla ta. Kowane irin hukunci mutum ya yi wa wannan mataki, musayar wasiƙu tsakanin ma'aikatu ita ce hanyar da aka bi a Yamai kamar yadda aka bi a Landan a 1966.

6. Wanda ke da ikon hanawa

A watan Fabrairu 2025, wata uku kafin sa hannu, ministan harkokin wajen Ingila David Lammy ya faɗa a talabijin cewa idan Shugaba Trump bai so yarjejeniyar ba, ba za ta ci gaba ba. Ba mu ga wani bayani da ya fi wannan fayyace tsarin ba. Gwamnatin Amurka ta ga matanin tun yana buɗe, ta samu lokacin nazari ba tare da wa'adin kwana 21 ba, kuma sakataren harkokin wajenta ya yi marhabin da shi ranar da aka sa hannu. Gwamnatin Moris ma ta samu irin wannan dama: da Navin Ramgoolam ya ci zaɓe a Nuwamba 2024 ya nemi a sake duba abin da wanda ya gada ya amince da shi a Oktoba, aka kuwa sake zama. A Janairu 2026 Trump ya juya ya soki yarjejeniyar a bainar jama'a, ƴan hamayya a majalisar dattawa suka tuno cewa wasiƙun 1966 sun ce tsibiran za su ci gaba da zama a ƙarƙashin mallakar Ingila, don haka sai an gyara su da yardar Amurka, gwamnati kuma ta ɗage zaman da aka shirya yi a kan ƙudurin dokar.